Sha'irar da ta rufe ƙofarta: ya dace fim ya buɗe bayan ranta?

Bazazzagiya_Samaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina so mu tattauna. Na kalli fim ɗin A Quiet Passion wanda Terence Davies ya ba da umarni, ya fito a 2016. Tarihin Emily Dickinson ne, marubuciyar waƙoƙin nan ta Amurka da aka haifa a 1830 a garin Amherst, ta rasu a 1886 a gidan da aka haife ta. Ta rubuta waƙoƙi kusan 1,800, amma waɗanda aka buga tana raye ba su kai goma sha biyu ba, su ɗin ma babu sunanta a jiki. Ba ta yi aure ba. A ƙarshen rayuwarta ko baƙo ya zo gidan, daga saman bene ko bayan ƙofa take yi masa magana.

Fim ɗin ya taɓa ni ƙwarai, Cynthia Nixon da ta fito a matsayin Emily ta yi ƙoƙari. To amma ga damuwata. Baiwar Allah ta janye jikinta daga mutane da gangan, sai ga kyamara ta bi ta har kan gadonta, ana nuna ta tana fizge-fizge cikin ciwon ajali. Aka nuna yayanta Austin yana neman matar wani a cikin gidansu. Aka nuna ta tana gaya wa ƙanwarta baƙar magana. Wa ya ba su izini? Kuma da a ce sha'irinmu ne na nan Zazzau za a yi wa haka, za mu yarda? Ina son jin ra'ayinku, musamman manyanmu.

Dan_Kwarbai:
Wa alaikumus salam Anti. Ni ban gani ba tukuna, amma zan nema yau da dare in an kawo wuta. Yana da tsawo?

Bazazzagiya_Samaru:
Awa biyu ne da 'yan mintuna. Sai ka yi haƙuri da shi, ba ya sauri.

Malam_TudunJukun:
Malama, tambayarki tana da amsa a wurinmu tun kafin a ƙirƙiro fim. An hana mu zagin matattu, domin sun riga sun tarar da abin da suka gabatar. Mamaci ba ya nan balle ya kare kansa, 'ya'yansa da jikokinsa kuwa su ne za su ɗauki kunyar. Ni ban kalli fim ɗin ba kuma ba sai na kalla ba zan faɗi wannan: in mutum ya bar waƙa, a karanta waƙarsa. Abin da ya faru tsakanin yayanta da wata mata ba ilimi ba ne, tonon silili ne. Su can ba su ɗauke shi komai ba, mu kuwa sutura muka gada. Wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa.

Ummu_Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja kaɗan. In dai bin son ranta za a yi sau da ƙafa, da yau babu wanda ya san ta. Kafin ta rasu ta sa ƙanwarta Lavinia ta yi mata alkawarin ƙona wasiƙun da mutane suka aiko mata, kuma Lavinia ta cika alkawari, ta ƙona. Sai da ta zo kan sauran kayan ta tarar da waƙoƙi ɗaruruwa, wasu a ɗinke da zare da allura, ƙananan littattafai guda 40 da Emily ta haɗa da hannunta. Waɗannan ba ta ƙona ba. Ta yi ta faɗi-tashi har aka buga kashi na farko a 1890, shekara huɗu bayan rasuwar.

Abin da nake so a lura da shi: mutumin da ba ya son a taɓa ganin aikinsa ba zai zauna ya kwafe shi da kyakkyawan rubutu, ya jera, ya ɗinke, ya adana ba. Kuma a 1862 ita da kanta ta aika wa wani marubuci mai suna Thomas Higginson waƙoƙi huɗu tana tambayarsa ko suna da rai. Fuskarta ta ɓoye, ban ga alamar ta so a binne aikinta tare da ita ba.

Malam_TudunJukun:
Ai maganarki ta ƙarfafa tawa ce, Ummu Hanifa. Waƙa daban, gado da ɗakin kwana daban. Ban ce a ƙona waƙa ba.

Abba_Kongo:
Bari in shigo nan, don mun karanta ta a aji. Hoton da mutane suke da shi na wata mata mai farar riga da ta kulle kanta tana baƙin ciki, an yi masa ƙari. Gaskiya ne a shekarunta na baya fararen kaya take yawan sawa, kuma ta daina fita. Amma gidan nan ita ce mai gasa burodinsa, mahaifinta ma nata ya fi so. A 1856 har ta zo ta biyu a gasar burodi a bikin nunin amfanin gona na garinsu. Tana da lambu, tun tana yarinya ta tara busassun furanni da ganyaye sama da 400 a littafi guda da sunayensu. Yaran unguwa kuwa takan zuro musu kwando da igiya ta taga da ɗan abin zaƙi a ciki.

Sannan wasiƙu. Waɗanda ta rubuta wa mutane da suka tsira sun kai dubu. Mai rubuta wasiƙa dubu ba ta yanke hulɗa da duniya ba, ta dai zaɓi hanyar da za ta yi hulɗar. Abin da na ga laifin fim ɗin shi ne rabinsa na biyu ya cika duhu, ɗaci ya yi yawa. Wanda bai karanta wasiƙunta ba zai ɗauka haka ta ƙare rayuwarta tana faɗa da kowa.

Hajiya_Gyallesu:
Ni abin da ya ba ni mamaki da na ji labarin shi ne yadda ake ta mamakin mace ta zauna a gida. Kakata ta shiga gidan mijinta a cikin birni tana budurwa, in ba gaisuwar mutuwa ko suna ba, shi ma da dare da ɗan rakiya, ba ta taka ƙofar gida ba har ta tsufa. A nan ta yi saƙar hula, a nan ta karantar da yaran unguwa, kuma duk abin da ke faruwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan ta riga maza ji. Babu wanda ya ce tana da taɓuwa. In Baturiya ta yi sai ya zama abin fim?

YarWusasa:
Hajiya, da girmamawa, ba ɗaya ba ne. Kakarki al'ada ta bi, kowa a unguwar haka yake, don haka ba ta fita daban ba. Ita Emily babu wanda ya sa ta. Ƙanwarta tana fita, matar yayanta tana tara baƙi a gidan da ke maƙwabtaka da su, mahaifinta lauya ne har ya yi ɗan majalisar tarayya a Washington. Ita kaɗai ta ja baya. Wannan ne ya sa ake tambaya.

Amma akwai wurin da fim ɗin ya tuna mini da gidajenmu. Inda ta je ta sami mahaifinta a tsaye cikin ladabi tana neman izinin ta riƙa tashi da tsakar dare tana rubutu kafin gari ya waye, ya amince. Budurwa mai wannan kai, amma sai da ta nemi izini a gidan ubanta. Na san mata da yawa a garin nan da sai yara sun yi barci, an wanke kwanuka, sannan suke ɗauko biro.

Hajiya_Gyallesu:
To 'yata, na ji bambancin. Amma ki sani zaman gida bai taɓa hana mai kai amfani da kanta ba, nan ko can.

Dan_Kwarbai:
Na kai rabi. Gaskiya Anti, babu abin da ke faruwa fa. Daga falo sai bene, daga bene sai falo. Ina jira a yi wani abu har barci ya fara ɗaukata.

Mai_Kyamara:
Ɗan Kwarbai, abin da kake kira babu komai shi ne aikin. Ni da nake ɗaukar biki da ƙananan finafinai na san wahalar riƙe mai kallo a ɗaki ɗaya. Ka koma ka duba fitowar da iyalin suke zaune da dare, fitila na ci, kowa shiru. Kyamara ta tashi daga fuskar Emily ta zagaya ɗakin a hankali, ta bi kan kowa ɗaya bayan ɗaya, har ta dawo kanta, sai ka ga idonta ya kawo ruwa. Ba a ce uffan ba, amma ka gane ta hango ranar da za a rasa mutanen nan duka. Sai kuma inda suka je ɗaukar hoto: kowa ya zauna gaban mai hoto, kyamara na matsowa, fuskar yaro tana rikiɗa ta zama ta babba. Shekaru masu yawa suka wuce a minti ɗaya ko biyu.

Shi daraktan mutumin Liverpool ne a Ingila, ya rasu a 2023, kuma finafinansa na farko a kan gidansu da mahaifiyarsa ya yi su. Ya san zaman gida da daɗinsa da ƙuncinsa. Cikin gidan ma ba a Amurka aka ɗauka ba, a Beljiyam aka gina irinsa.

Mu nan in ka kai wa furodusa labari irin wannan, tambayar farko ita ce waƙa nawa ce a ciki, ta biyu wa zai auri wa.

Sani_Palladan:
Ni ba ma'abocin waƙa ba ne, matata ce ta sa fim ɗin na zauna. Abin da ya kama ni bai shafi rubutu ba. Mahaifiyar Emily ta samu shanyewar ɓarin jiki a 1875, shekara ɗaya bayan rasuwar mijinta, ta kwanta har 1882. Shekara bakwai 'ya'yanta mata biyu suna jinya. Da aka nuno su suna gyara ta a gado sai na tashi na fita tsakar gida.

Mahaifiyata ta yi wannan ciwon. Yayata ce ta baro ɗakinta ta dawo gida. Kullum da asuba sai ta dafa ruwa, ta surka, ta goge mata jiki da tsumma, ta shafa mata man kaɗanya a baya da ɗuwawu don kada gyambon kwanciya ya kama ta, ta juya ta ɗaya gefen. Kunu da cokali, kaɗan-kaɗan, saboda in an yi sauri sai ta ƙware. Bakinta ya karkace, magana ba ta fita sosai, yayata kaɗai ke gane abin da take nufi, mu sai mu tsaya muna kallonta ta fassara mana. A lokacin biki nawa aka yi a dangi ba ta je ba, har aka fara cewa ta cika girman kai. Wa zai zauna da Inna in ta tafi?

Shi ya sa da ake cewa wai me ya hana Emily fita, na ce a tambayi duk wanda ya taɓa jinya. Ban ce shi ne dalili kaɗai ba, don an ce ta fara janyewa tun kafin nan. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma Malam, ni ban ga tonon asiri a wannan fitowar ba. Na ga an girmama masu jinya ne.

Ummu_Hanifa:
Allah ya jiƙan Inna, ya saka wa Yaya da aljanna.

Malam_TudunJukun:
Amin. Allah ya sa kaffara ce. Malam Sani, wannan ɓangaren ban yi jayayya da shi ba.

Hajiya_Gyallesu:
Allah ya gafarta mata. Ka riƙe yayarka da kyau, Sani, irinsu ba su da yawa.

Abba_Kongo:
Amin ya Allah. In koma kan maganar Austin da Anti ta tayar tun farko, akwai abin da ya kamata a sani. Alaƙarsa da Mabel Todd gaskiya ce, matar wani malamin kwalejin garin ce, kuma ita da kanta ta rubuta abin a littafin ajiyar sirrinta, wasiƙunsu ma suna nan. Amma fitowar da Emily ta shigo ta kama su, wannan ƙirƙira ce. Abin da tarihi ya nuna shi ne Emily da Mabel ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Mabel takan zo gidan ta kaɗa piyano ta rera, Emily tana saurare daga wani wuri, ta aiko mata da ɗan rubutu ko abin sha.

Haka ƙawar nan mai kaifin baki da aka ba lokaci mai yawa a farkon fim, Vryling Buffam. Akwai mai wannan suna, amma ta fi kusa da Lavinia, darakta ne ya mayar da ita aminiyar Emily. Wadda ta cancanci wannan matsayin ita ce Susan, matar Austin, wadda Emily ta aika wa waƙoƙi sama da 250, fiye da kowa a duniya. A fim ɗin an rage mata wuri sosai.

Malam_TudunJukun:
To kun ji. Ba tona asiri kaɗai ba, har da ƙari. An sa wa mamaciya magana a baki wadda ba ta faɗa ba, an kai ta inda ba ta je ba. Mai kallo a Samaru ko Sabon Gari ina zai san wanne ne gaskiya wanne ne ƙirƙira? Da Abba bai faɗa ba, ita kanta Malama da ta kalla za ta tafi da shi a matsayin tarihi.

Bazazzagiya_Samaru:
Malam, wannan ƙarin ni ma bai kwanta mini ba. Sai dai cire Mabel daga labarin gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma dalilin yana da nauyi. Da Lavinia ta ga waƙoƙin, Susan ta fara kai wa. Da ta ga aikin yana jan ƙafa sai ta karɓe ta kai wa Mabel, wato matar da ta shiga tsakanin Susan da mijinta. Mabel ce ta zauna ta kwafe su, ita da Higginson suka fitar da littafin 1890. Sun sa wa waƙoƙin sunaye alhali ita ba ta sa ba, sun gyara mata kalmomi da alamomin rubutu don su dace da kunnen mutanen lokacin.

Daga baya rigima ta ɓarke kan wani fili, Lavinia ta kai su Mabel kotu ta yi nasara. Mabel ta fusata ta kulle sauran takardun da ke hannunta a akwati shekara da shekaru. Gida biyu, na Susan da na Mabel, kowanne da nasa kason, 'ya'yansu mata suka gaji faɗan. Shi ya sa har yau rubutun hannunta a rabe yake, wani a Jami'ar Harvard, wani a Kwalejin Amherst. Sai a 1955 aka samu wani masani, Thomas Johnson, ya tattara waƙoƙin duka ya buga su kusa da yadda ta rubuta. Shekara sittin da biyar ke nan mutane suna karanta abin da aka taɓa. To in an rufe labarin gidan, ta yaya za a bayyana wannan?

Baba_KofarDoka:
Yara, na daɗe ina karanta ku. Kuna ta zancen Amurka, ga naku a gida. Ni na tashi na tarar da waƙoƙin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi a bakin kowa. Makafi masu bara suna tafe a jere, hannun wannan a kafaɗar wancan, na gaba yana ja na baya suna amshi, mata a cikin gida su ajiye taɓarya su saurara, wata har ta share hawaye kafin ta aiko yaro da sadaka. Shi Malam Aliyu mutum ne da ya rasa ganinsa tun yana ƙarami, bai taɓa riƙe alƙalami ya rubuta da kansa ba, amma ya tsara baitoci ɗaruruwa a ka, da ma'auni da amsa-amo, aka rubuta aka buga a nan Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a 1990.

Yau ku tare ɗalibi a bakin ƙofar jami'ar ku tambaye shi. Ƙila ya san baiti ɗaya ko biyu da ya ji a waya, amma wane ne mutumin, wa ya karantar da shi, wa yake rubuta masa, yaya yake gyara baiti in bai yi masa ba, ba zai sani ba. Waɗanda suka zauna da shi suna ƙarewa. Ni da za a yi fim ɗinsa da mutunci, da na sa jikokina a gaba mun kalla. Malam na Tudun Jukun, sutura gaskiya ce, amma mantuwa ma ba girmamawa ba ce.

Malam_TudunJukun:
Baba, Allah ya ƙara girma. In da mutunci ne kuma da yardar iyalinsa, ni ne zan fara kallo. Sharaɗina ke nan tun farko.

Mai_Kyamara:
Baba ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni wanda na daɗe ina mafarkinsa shi ne Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Sarki ne kuma sha'iri, Turawa suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja, can ya rasu. Ku duba abin da ke ciki: mutumin da ya saba da fada cike da jama'a ya koma zaman kaɗaici a bakin kogi, nesa da ganuwar garinsa. Shi ba zaɓa ya yi ba, tilasta masa aka yi. Amma wa zai taɓa wannan ba tare da izinin fada da zuriyarsa ba? Kuma in sun ba da izini, za su bari a nuna shi yana kuka ko yana fushi? In ba za a nuna ba, to ba mutum za a gani ba, rawani da alkyabba kawai za a gani suna yawo.

Ummu_Hanifa:
Wannan ita ce matsalar. Mu in za mu ba da tarihin babba, daga haihuwa sai karatu sai karamomi sai rasuwa, babu ranar da ya gaji ko ya yi kuskure. Ko Nana Asma'u da muke alfahari da ita, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar 'yan taru tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka su karantar da mata. A cikin waƙoƙinta akwai marsiyyoyi da ta yi wa 'yan'uwanta da mijinta Waziri Giɗaɗo, baƙin cikinta a fili yake, ita ba ta ɓoye ba. Mu ne muke jin nauyin nuna shi.

Rabi_KofarGayan:
Ban cika magana a zauren nan ba, amma yau dole. Kakata ta wajen uba tana rubuta waƙa da ajami. Babu wanda ya sani sai 'yan ɗakinta. Ina yarinya nakan gan ta bayan la'asar a kan buzu, da tawada a 'yar kwalba da alƙalamin kara, tana motsa baki tana ƙirga wani abu da yatsu kafin ta rubuta. In an yi sallama sai ta tura takardar ƙarƙashin buzun. Na ɗauka laya take rubutawa.

Bayan rasuwarta aka raba kaya, akwatin ƙarfenta ya zauna a ɗakin da ba a shiga. Bara da damina rufin ya zuba, muka je fitar da kaya. Da na buɗe, gara ta cinye na ƙasa ta mayar da shi ƙasa. Na sama, waɗanda ke cikin gafaka, sun tsira, gefensu ya yi baƙi amma ana karantawa. Na kai wa wani malami ya karanta mini. Akwai begen Annabi, akwai wa'azi. Amma akwai wata doguwa da ta yi lokacin da aka yi mata kishiya, da wata a kan ɗanta da ya rasu yana goye. Wallahi ban taɓa sanin matar nan ba sai ranar. Mu mun san ta da faɗa da tsare gida.

Yanzu gidanmu ya rabu biyu. Ni da wasu muna so a adana a buga. Baffana ya ce na bege da wa'azi a buga, na kishiya a ƙona, don kishiyar tana da jikoki kuma muna zumunci. Shi ya sa tun da Anti ta buɗe zancen nan nake bin sa.

Nura_Hanwa:
Anti Rabi, kafin a gama shawara don Allah ki ɗauki hoton kowace takarda da waya, gaba da baya, da hasken rana ba da fitilar waya ba, kuma kada ki canza jerin da kika same su. Kada a manna musu salatif, kada a kai a rufe su da leda mai zafi, yana lalata tawada. A sa su inda babu laima. A jami'a a Samaru akwai sashen da ke adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu, haka Gidan Arewa a Kaduna. Adanawa daban, bugawa daban, ana iya yin na farko a jinkirta na biyu.

YarWusasa:
Anti Rabi, kada a ƙona. Don Allah. Abin da aka ƙona ba ya dawowa, wanda aka ajiye kuwa ko bayan shekara hamsin ana iya yanke shawara a kansa, lokacin da masu jin zafin sun wuce.

Malam_TudunJukun:
Ni ma ban ce a ƙona ba, akwai sunan Allah a ciki kuma amana ce. Amma Baffanki ba shi da laifi. Matar da take tura takarda ƙarƙashin buzu in an yi sallama ta gaya muku abin da take so. A ajiye a gida, zuriya su karanta. Zumuncin masu rai yana da haƙƙi.

Ummu_Hanifa:
Malam, ta ɓoye wa masu sallama, amma ta sa a gafaka ta kulle a akwati. Murhu yana tsakar gidanta kullum, da ta so ƙonawa da ta ƙona.

Dan_Kwarbai:
Na gama kallo. Ƙarshen ya yi mini nauyi, musamman ciwon. Me ya kashe ta ne? Kuma shekarunta nawa?

Abba_Kongo:
Shekara 55. Likitanta ya rubuta ciwon ƙoda, wanda a lokacin ake kira cutar Bright, ko da yake wasu likitocin baya sun fi karkata ga hawan jini mai tsanani. Kafin nan mutuwa ta yi ta bin gidan: uba a 1874, uwa a 1882, sai ɗan yayanta Gilbert mai shekara takwas a 1883, wanda rasuwarsa ta karya ta ƙwarai.

Bazazzagiya_Samaru:
Na gode muku duka. Maganar Malam Sani ta sa na sake kallon fitowar jinyar uwar da wani ido, kuma na yarda da Baba cewa shirun da muke yi yana cinye mana mutane. Amma fitowar ciwon ita Emily har yanzu ban sauko ba. An daɗe a kanta fiye da kima. Matar da ko baƙo ba ta yarda ya ga fuskarta tana lafiya ba, ban ga dalilin da za a tsayar da kyamara a kanta tana shure-shure ba. Da an tsaya a bakin ƙofa an nuna fuskar Lavinia, da saƙon ya isa.

Mai_Kyamara:
Anti, a nan mun rabu. Da daraktan ya tsaya a bakin ƙofa da ya yi mata abin da masu gyara waƙoƙinta suka yi, ya goge inda ba daɗi. Ita kuwa ta rubuta mutuwa da zafin ciwo ba tare da kawar da kai ba.

Rabi_KofarGayan:
Nura, na fara ɗaukar hotunan. Wasu takardun sun manne da juna, ina tsoron ɓamɓarewa kada su yage. Akwai yadda ake yi, ko in bar su haka in kai wa masu aikin? Baffa kuma ya ce ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna da sauran 'yan'uwa, har da ɓangaren kishiyar. Baba na Ƙofar Doka, in ba damuwa zan biyo ka ta akwatin sirri, ina son shawarar yadda zan fara maganar a gaban manya.